Bargon da Ya Tsuke

Inna Tsveta ta dire bargon ulu a kan teburin kicin, ta dubi Nevena sama da ƙasa.

"Kakar ɗana Rumen ce ta saƙa shi. Duk wadda za ta shigo gidan nan sai ta wanke shi a maɓuɓɓuga kafin biki. Ko a birninku inji ne yake muku komai?"

"Haba Mama!" in ji Rumen. "Yarinyar da ta bar birni saboda ni?"

"Rufe min baki! Kai jeka ka koya wa baƙi zamiya a kan ƙanƙara."

Kwami uku ne na dutse a wurin wankin matan garin. Kowace 'yar gari ta san ulu a na ukun ake sa shi, inda ruwan ya huce. Nevena ba ta sani ba, kuma babu wadda ta faɗa mata. Ta tsoma shi a na farko, inda ruwa ke fitowa daga ƙasa yana tururi, wai don ya fi fita.

Da ta ɗago shi, bargon ya tsuke, ya dunƙule, ko gwiwar mutum ba zai rufe ba. Matan suka kwashe da dariya.

"Amarya ta dafa gadon gida!"

Inna Tsveta ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai, "An fasa auren."

Rumen ya roƙa har muryarsa ta dushe. Ya ce su gudu, Nevena ta ƙi. "Ba zan raba ka da mahaifiyarka ba, Rumen. Sori."

Dusar ƙanƙara ta sauka ta narke sau biyu. Nevena ta zauna a garin tana gyaran gadaje a otal, kowace Asabar kuma tana kwami na uku tana taya tsofaffi wanki, hannuwanta duk sun tsattsage. Inna Tsveta kuwa in ta zo ta gan ta, sai ta kau da kai. Iyayen Nevena sun gaji da kiranta ta koma gida. Sau nawa ta haɗa kayanta tana kuka, ta sake kwancewa!

Wata Asabar Inna Tsveta ta tsaya a kanta, ta jefa mata tsukakken bargon a cinya.

"Na gwada shi a kan kowa, bai rufe kowa ba. Sai dai jariri. To, ni ina zan samo jariri in kuna zaune haka?"

Nevena ta rungume bargon, ta fashe da kuka.

Kuskuren rana ɗaya ne, 'yan uwa, ya ci shekara biyu. Da ta yi fushi ta tafi, da ya ci rayuwarta duka.