Hawayen Radiyya a TikTok

Wata Juma'a, cikin cunkoson bakin gadar Wudil, Garzali mai gyaran waya ya fara ganin Radiyya. Kyamarar wayarta ce ta mutu. Aikin minti goma ne, amma gogan ya ce sai gobe, don dai ta dawo.

Ɗalibar kiwon lafiya ce, tana ɗora gajerun bidiyo a TikTok, tana faɗakar da matasa a kan ciwon sanyi da gwajin jini kafin aure. Cikin wata uku soyayya ta kama su, har an tsayar da ranar kai gaisuwa.

Sai wani ɗan neman fitina ya yanko bidiyonta, inda ta fito a matsayin marar lafiya tana kuka: "Likita, na kamu, kunya ce ta hana ni zuwa." Ya cire bayanin da ya biyo baya, abu ya faɗa WhatsApp ɗin dangin Garzali.

"Da bakinta ta faɗa!" in ji Inna Mas'uda, mahaifiyarsa. "An fasa."

"Inna, wasa ne fa."

"Wace budurwa ce ke wasa da wannan?"

Shi kansa Garzali ya rikice. Ya kalli bidiyon ya fi sau ashirin, hawayen nan kamar gaske. Ya tura wa Radiyya saƙo: "Hasken idona, ki gaya min gaskiya, ko mene ne ina tare da ke."

Ta amsa: "Har da kai, Garzali? Albasa na yanka."

Kwana huɗu ba ta ɗaga kiransa ba, bawan Allah har ya rame.

Inna ta tura Gwaggo Suwaiba, ƙanwar babansa, gidan su Radiyya a Sabon Gari ta binciko. Radiyya ta kunna mata cikakken bidiyon. Gwaggo ta ce a maimaita. Sai ta tashi ta tura ƙofa.

"'Yar nan, wannan ƙaiƙayin da kika lissafa... shekara biyu ke nan ina shan jiƙe-jiƙe."

Washegari Radiyya ta raka ta asibiti, babu wanda ya ji.

"Me kika gano?" Inna ta tambayi Gwaggo da ta dawo.

"Lafiyarta ƙalau."

"Ta yaya kika sani?"

"Yaya, a kai gaisuwa kawai, kar ki tambaye ni."

Har yau Inna ba ta gane ba. Garzali dai ya sha ban haƙuri, suka je gwaji tare, aka ɗaura aure bayan Sallah.

Ranar kai amarya, Gwaggo ce ta riƙe hannunta har ɗaki. Ta raɗa mata, "Allah ya yi miki albarka, 'yata, ya ba ku zaman lafiya. Bidiyon nan kuwa kar ki kuskura ki daina."