Fili Na Tara

Ranar Litinin da hantsi, Dakta Nabwire, mai binciken cututtukan rogo, ta kai ƙara ofishin 'yan sanda na unguwar Wandegeya. Ta dawo daga hutu ta tarar an fasa durowarta, an ɗauke littafin da ta shekara shida tana rubuta sakamakon gwaje-gwajenta a ciki.

"Littafi kawai?" in ji Sufeto Tumwine.

"Yallaɓai, na aika wa wata mujalla maƙalata. Masanin da suka ba ya tantance ta ya ce ƙirƙirar sakamakon na yi, in kawo littafin kafin Juma'a. In babu, korata za a yi. Allah ne shaidata."

Sufeto ya karanta rahoton masanin, wanda bisa al'ada ba ya ɗauke da suna. Layi ɗaya ya tsayar da shi: marubuciyar ta ɓoye cewa ambaliya ta kashe rogo arba'in da ɗaya a fili na tara na gonar gwajinta.

"Kin ambaci wannan a maƙalar?"

Ta sunkuyar da kai. "Na cire shi. A littafin kaɗai yake."

Sufeto ya je ofishin mujallar ya nemi sunan masanin. Editar, Madam Atuhaire, ta harɗe hannuwa. "Sunan mai tantancewa amana ne. In na tona, gobe wa zai yarda ya faɗa wa manya gaskiya a kan aikinsu?"

"Nemo mini fili na tara a maƙalar nan, sai in tafi."

Sau biyu ta karanta, ba ta ga inda aka ambace shi ba. Sannan ta rubuta suna a takarda ta miƙa masa.

Sunan Farfesa Ssentongo ne, tsohon malamin Nabwire. Sufeto ya tarar da shi yana shan shayi a ofishinsa.

"Littafin yarinyar nan? Ban taɓa ganinsa ba. Ni fa na koya mata riƙon alƙalami."

"A ina ka ji labarin ambaliyar?"

"Leburorin gona."

"Leburorin ne suka ƙirga maka arba'in da ɗaya?"

Farfesa ya ajiye kofi. A ƙarƙashin tarin kundayen ɗalibai aka zaro littafin.

"Shekara ashirin ina neman irin rogon nan da ta samo," in ji shi a hankali. "Da na yi shiru a kan filin, da ba ku zo ba. Amma kuskure ne, Sufeto, ni kuwa ban iya ganin kuskure in wuce ba."

A bakin ƙofa, 'yan sanda biyu suna riƙe da shi, ya waiwayi Nabwire.

"Ki mayar da filin nan cikin maƙalarki, 'yata."

Ta rungume littafinta. "Zan mayar, Farfesa. A nan kam ka fi ni gaskiya."