Zuciya a Cikin Kula

"Yalla, maza! Sunusi, ɗauko kular!"

Baballe ke nan, ogan tafiya, da bindigar roba a hannu, ya kira sunan yaronsa a bainar jama'a. Tsakar rana, a ƙasar Larabawa, titin Al Thumama mai zuwa filin jirgi. Dikko direba ya gicciye motar asibiti da tsohuwar Korolarsa. Sunusi ya fizge kula daga hannun wata likita. Ai kuwa ta buɗe baki da Hausa tsantsa!

"Au, 'yan gida ne ma? Allah wadaran naka ya lalace! Zuciyar mutum ce! Awa huɗu take yi a ƙanƙara, jirgi na jira!"

"Ji dabara," in ji Baballe. "Taka, Dikko!"

Duk aikin Sunusi ne. Gadi yake a asibitin, ya sha ganin ana fita da kula da jiniya ba mai leƙawa, ya rantse da abin da zai kashe shi zinare ne.

A bayan wani sito a unguwar Mesaimeer suka kashe mota suka buɗe. Ƙanƙara. Leda cikin leda. Tsoka guda tana iyo a ruwa.

"Ta rago ce," Sunusi ya ce da sanyin murya. "Larabawan nan da kwaɗayi..."

Dikko ya leƙa ciki. Ɗan mahauta ne gaba da baya, a Gusau ya tashi cikin kayan ciki. Ya san ta rago, ya san ta sa, ya san ta raƙumi. Wannan ba ko ɗaya. A murfin an manna takarda: yarinya 'yar shekara sha huɗu ke jiranta. Tsoro ya kama shi, kunya ta fi tsoron.

"Oga, ta mutum ce wallahi."

"To uwar me zan yi da ita? Jefa wa maguna! Bar mini ƙanƙarar in sa lemo."

Can nesa jiniya ta fara kuka. 'Yan sanda sun tare hanyoyi, Dakta Haulatu, likitar da aka ƙwace wa kula, na gaban motarsu tana karanto musu lambar Korola da ka.

Dikko ya rufe kula ruf. Ya murza makulli rabi, ya girgiza kai.

"Batir ya mutu. Ku sauka ku tura."

Suka sauka, suka dafa, suka yi nishi, vuuum! Ya bar su da hayaƙi a baki!

"Dikko! Ɗan iska! Maci amana!"

Jan fitila uku ya keta. A ƙofar filin jirgi ya fito, kula a ka kamar mai tallar fura. 'Yan sanda suka karɓe kular, suka kwantar da shi kan kwalta mai toya ƙwai.

Khalas, shi ke nan. Kotu ta ɗaure Baballe shekara goma, Sunusi bakwai, Dikko uku, sannan kora gida babu ko akwati. Ranar hukunci ya hango Haulatu za ta fita.

"Likita, don Allah... ta isa?"

Ta harare shi sama da ƙasa. "Da ƙyar. Yarinyar har ta fara yi wa uwarta rashin kunya."

Dikko ya durƙushe yana kuka wiwi da ankwa a hannu, Baballe na gefe yana ɗura masa ashar.