Lefen da Ya Tafi Sansani

Ƙarar almakashi ce ta fito da Hajo daga kicin, ludayi a hannunta.

A tsakar falo 'yarta Hibatullah ta durƙusa a kan turmin atamfa mai ruwan zuma, ta riga ta raba shi biyu. Akwatunan lefenta shida suna jere a jikin bango, uku a buɗe, ga buhunan auduga da ta sayo a unguwar Anbariyya, nan Madina.

"Innalillahi... Hiba, me nake gani haka?"

"Bargo nake ɗinkawa, Umma."

"Da lefen naki?"

"Aiwa. Ba nawa ba ne?"

Hajo ta lalubi kujera ta zauna. Jiya-jiya dangin Abdulrauf suka kawo kayan, kuma ƙa'ida ce sai akwati ya kwana bakwai a buɗe, matan unguwarsu, Harra ta Gabas, su zo su ɗaɗɗaga, su yaba a falo su kushe a hanya.

"Ke haihuwar Madina ce, ba ki san nauyin abin nan ba. Yanka lefe fa cewa ne ba kya son auren."

"Ina son auren, ina kuma son mai auren." Ta tsinke zare da haƙori. "Amma jibi motarsa za ta tashi, Umma. Sanyi ba zai jira a gama kallon lefe ba."

Abdulrauf direban babbar mota ne, yana kai kayan wata ƙungiyar agaji zuwa sansanin 'yan gudun hijirar Siriya da ke arewacin ƙasar Urdun. Bara, Hibatullah ce ta bi gida-gida tana tara musu sutura. Mata kuwa suka yi bajinta, aka fito da leshi da gyale shara-shara, duk na fita kunya. Mutanen da sanyinsu bai wuce a sa safa a tafi Harami ba, ina za su san akwai inda ruwa ke daskarewa a buta? Ita kanta farin mayafinta da ta fi so ta saka, tana jin ta yi abin kirki. Sai makon jiya Abdulrauf ya gaya mata inda mayafin ya ƙare, kuma tun ranar abinci ya daina wuce mata.

Wadda ta fara zuwa ganin lefe ita ce Ikram, 'yar kawun Abdulrauf. Tun suna yara ake mata wasa da shi, ita kuwa ta riƙe wasan da gaske.

"Masha Allah, shago aka buɗe?" ta ce da murmushi, ta zaro waya.

Barguna huɗu ne a ninke a gefe, amma idon wayar Ikram bai gan su ba. Ƙyallayen da ke warwatse a ƙasa kawai ya gani, su ta tura wa mahaifiyar Abdulrauf.

Ana idar da la'asar Hajiya Kaltuma, mahaifiyar Abdulrauf, ta iso daga Harra ta Yamma. Ɗanta na biye da ita, Ikram na bayansu kamar ba ta san komai ba.

"Hajo, akwatunanmu muka zo ɗauka," in ji Hajiya, ko zama ba ta yi ba. "Shekara biyu yaron nan yana zaɓar kayan nan ɗaya bayan ɗaya. In ba a son shi, sai a faɗa da baki."

Abdulrauf ya sunkuya ya ɗauki guntun atamfar mai ruwan zuma.

"Hibana... har da wannan? Ita na ce ki saka min ranar tarewa."

Nan ne zuciyarta ta karye, don tana son sa son da ita kanta yake ba ta tsoro. Amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ita ta fi kauri, Ya Abdul."

"Ba da haƙuri, ya binti," Hajo ta ce. "Ki ce kin tuba, a rufe sauran."

Hibatullah ta matsa ta durƙusa gaban Hajiya.

"Hajiya, na durƙusa miki don ke uwa ce. Amma ba zan ce na tuba ba, don in aka bar ni, sauran ukun ma yau zan yanka su."

"To, khalas. Abdulrauf, ɗauki mu tafi."

Bai motsa ba. Hibatullah ta ɗago ta dube shi, idonta ya ciko.

"Za ka gaya mata, ko ni in gaya mata?"

Ya murza ƙyallen a hannunsa, ya dubi mahaifiyarsa.

"Hajiya, a sansanin akwai wata mata, Ummu Suhaib. Bara ƙanƙara ta danne musu tanti. Ɗanta Suhaib wata huɗu ne. Duk leshin da na kai ta naɗe shi da shi, ninki a kan ninki, bai hana komai ba. Da aka zo neman likkafani ba a samu ba. A cikin kayanmu gaba ɗaya abu ɗaya ne ya yi amfani... farin mayafin Hiba." Ya ajiye ƙyallen. "Ni na haƙa kabarin. Ƙasar ta daskare, sai da ƙarfen canjin taya."

Daga kicin ana jin tafasar miyar da Hajo ta manta a wuta.

"Tana da sauran 'ya'ya mata biyu," Hibatullah ta ce. "Bana ba likkafani zan aika musu ba."

"Ai da kasuwa aka je aka sayo barguna," Ikram ta ce ƙasa-ƙasa.

"Abin da na mallaka ke nan, Ikram, allura da lefe. In kina da wanda ya fi, motar tana da wuri."

Hajiya Kaltuma ta taka ta ɗauki bargo ɗaya. Ta jujjuya shi, ta matsa, ta ɗaga shi saitin taga. Hibatullah ta runtse ido tana jiran hukunci.

"Wa ya koya miki ɗinkin nan?"

"Ba kowa, Hajiya."

"Ga alama nan. Tazarar ta yi yawa. Wanki ɗaya audugar za ta dunƙule a gefe, yaran su kwana da tsumma." Ta naɗe hannun abayarta ta zauna a ƙasa. "Ubana katifa yake ɗinkawa a Abeshe. Miƙo min babbar allura. Ke kuma Ikram, tunda hannunki ya iya ɗaukar hoto, zo ki figi auduga."

Sai ta jawo wata shadda shuɗiya daga akwati na shida, ta saka a ƙarƙashinta ta zauna a kai.

"Wannan ta ranar tarewa ce. Ki taɓa ta, ni da ke ne."

Abdulrauf ya dubi Hibatullah, ya motsa leɓe yadda ita kaɗai za ta gani: "Habibti." Dariya da kuka suka ƙwace mata tare.

Duk matar da ta shigo ganin lefe a kwana biyun nan, allura aka miƙa mata. Masu kushewa sun kushe, amma da zare a baki suka yi. Bargo ashirin da uku motar ta tafi da su.

Ana saura kwana biyu ɗaurin aure Abdulrauf ya dawo. A ƙofar falo, gaban Hajo, ya nuna wa Hibatullah hoton wasu 'yan mata biyu a cikin tanti, sun shige ƙarƙashin bargo mai ruwan zuma, idanunsu kawai ake gani. Sannan ya miƙa mata wani ɗan ƙunshi.

"Ummu Suhaib ta ce a ba amarya."

Ta warware. Farin mayafinta ne, rabinsa, an kalmashe bakin da ɗinkin hannu ƙanana-ƙanana.

"Ta ce rabi ya ishi Suhaib."

Ranar tarewa Hibatullah ta fito cikin shuɗiyar shadda, farin mayafin ko kafaɗarta bai gama rufewa ba. Wata daga bayan taro ta ce a rufa wa amarya asiri a sauya mata gyale, wannan ya yi gajere. Hajiya Kaltuma ta waiwaya ta yi mata kallo ɗaya, sannan ta sa hannu ta gyara wa surukarta zaman mayafin, ta riƙo hannunta suka fita.