Teburin Kaka Ruiha

"Fergus, ina kake zuwa duk ranar Asabar?"

"Aiki, Hinewai..."

"Aiki? Malamin makaranta, ranar Asabar? Raina mini hankali za ka yi?"

Ya sunkuyar da kai. Ni kuwa zuciyata tafasa take yi. Tun ranar da na kai shi gaban kakata Ruiha a garin Tokomaru, a matsayin wanda zan aura, ya canza mini. A ranar ne bawan Allahn nan ya ɗare teburin cin abincinta ya zauna, har da kaɗa ƙafa! A gidansu na Turawa ba komai ba ne. A wurinmu kuwa, mazaunai da abinci ba sa haɗa wuri. Kaka ta sa aka fitar da teburin waje, ta ƙi haɗa hanci da shi, yadda muke gaisawa a al'adarmu. Ta ce da ni, "Wannan ba mijinki ba ne."

Yanzu ga shi yana ɓoye waya, yana dawowa da ƙamshin miyar da ba ni na dafa ba. Na ce shi ke nan, ya gaji da mu da al'adunmu, ya samo 'yar'uwarsa Baturiya.

Da Asabar ta zagayo na bi motarsa a baya, ina share hawaye. Ya ɗauki hanyar bakin teku, ya bi ta unguwar tsohuwar budurwarsa. Gabana ya faɗi... amma bai tsaya ba. Sai a ƙofar gidan Kaka!

Ga takalmansa ajiye a bakin ƙofa. To, me suke ƙullawa? Ko lallaɓa shi take ya rabu da ni? Na cire nawa, na banka ƙofar.

"Munafuncin me kuke yi a bayan idona?"

"Ke, rufe mana baki, uwar kishi!" in ji Kaka.

Fergus na durƙushe, kansa duk garin katako, yana goge ƙafar wani sabon teburi.

"Masoyiyata, na so sai na gama ki gani. Tun ranar nan a cinya Kaka take cin abinci. Ni na ɓata, ni zan gyara."

"Zuwansa na farko na kore shi, ya dawo," Kaka ta ce. "Na sake korarsa, ya sake dawowa. Ga shi bai iya riƙe zarto ba, ƙafa ɗaya ma ta fi sauran gajarta."

Kunya ta rufe ni, kuka ya ƙwace mini.

Kaka ta dafa kafaɗarsa. "Tashi, jikana."

Ta jawo shi, ta haɗa goshinta da nasa, hancinta da nasa, suka shaƙi numfashi ɗaya. Sannan ta tura masa kujera da ƙafa.

"Nan ake zama, angon Hinewai."