Wanda Ya Taka wa Malam Yusha'u Birki

Ku matso ku ji abin da ya faru a Furfuri, wallahi ko sati bai cika ba!

Malam Yusha'u yana da wata tsohuwar jif da yake kai hatsi Gusau da ita. Tun da matarsa Indo ta rasu bara, gidan ya yi tsit. Daga shi sai 'yarsa Juwairiyya, ita ma daga gaisuwa ba ya ƙara mata komai.

Sai motar ta fara ciwo. In ya taka birki sai ya nutse har ƙasa kamar an taka tuwo. Inji kuma yana karkarwa, ga wani huci, sssss. Ya bi ya bi har ya gano tiyon da ke haɗa inji da tukunyar birki ya tsage. Ya canza shi, huci ya ɗauke, inji ya zauna. Amma birki na nan da laushinsa, don iska ta shiga cikin man birki.

To fitar da iskar nan aikin mutum biyu ne. Ɗaya na kan kujera yana takawa, ɗaya na kwance a ƙasa yana kwance noti. Da can Indo ke taka masa, kuma bai yarda kowa ya hau kujerar ba bayanta.

Ranar Talata, rana ta yi ja, kaji sun shige akurki. Yana kwance ƙarƙashin motar shi kaɗai da sifana a hannu. Bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce, "Taka."

Ƙiii. Ƙiii. Ƙiii.

"Riƙe."

Ya kwance noti, mai ya feso da kumfa, ya ɗaure. Sai a lokacin ya tuna. Ya fito a hankali ya leƙa. Kujera ba kowa, birki kuwa a danne har ƙasa. Ya zura da gudu, ko takalmi bai tsaya ɗauka ba.

Washegari da magariba tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon rufi, ɗaya-ɗaya. Juwairiyya na tuƙa tuwo ta faɗi. Ƙafarta ta dama ta miƙe ta sandare, yatsu a danne, maza biyu suka kasa lanƙwasa ta. Kwana uku ba ci ba magana. Uban ya zauna bakin ƙofa yana kallonta, ita kaɗai ta rage masa.

Ran Asabar da hantsi aka ɗauko Malam Tajuddeen daga Bungudu. Ya daɗe yana karatu a kanta. Can sai bakin yarinyar ya buɗe, muryar wani tsoho ta fito.

"Malam, sassauta. Ban zo da cuta ba."

"Mi ya kawo ka jikin ɗiyar mutane?"

"Kira na aka yi. Tun kakan kakan ubanta nike cikin kukar bayan gidan ga, ba wanda ya taɓa ce mini sannu. Ya ce taka, na taka. Ya ce riƙe, na riƙe. Ya sheƙa da gudu ya bar ni! Ƙarfe na ƙona irinmu, shi ya sa na ari ƙafarta."

"To fita."

"A bar mini kujerar motar, in riƙa raka shi kasuwa. Shi ma ba shi da abokin hira."

"Ba za a bar maka ba."

Sannan muryar ta yi ƙasa-ƙasa. "To a ƙarasa aikin da ni. Saura taya uku. In ya sallame ni da bakinshi, na tahi."

Aka ciccibi Juwairiyya aka ɗora a kujera. Malam Yusha'u ya shige ƙarƙashi. Taka, riƙe, saki. Taka, riƙe, saki. A taya ta ƙarshe mai ya fito tas, ba kumfa ko ɗaya. Ya ɗaure noti. Saura kalma ɗaya, amma bakinsa ya ƙi buɗewa. Shekara guda ke nan bai yi magana daga ƙarƙashin motar nan an amsa masa ba.

Malam ya durƙusa ya leƙo shi. "Yusha'u, ɗiyarka ce a sama, ba Indo ba."

Ya rufe ido. "Saki," ya ce. "Na gode."

Juwairiyya ta yi atishawa sau uku, ƙafar ta saki. Ta dubi sitiyari, ta dubi mutane.

"Ina Baba? Mi nike yi cikin mota?"

Ba a ganin komai na uban sai tafin ƙafa. Ta sauko da kanta, tana ɗingishi, ta kwanta a ƙasa ta kutsa kai wurinsa. Malam ya yafito mutane, suka fice suka ja musu ƙyaure.