Walimar da Mu'az Ya Dasa a Bayan Gida

Ran Laraba, dab da magariba, jifa na farko ya faɗo a kan kwanon gidan Hajjo da ke Ƙofar Marke. Mu'az, ɗanta na fari, yana tsakar gida da kwamfuta bisa cinya, ko kai bai ɗaga ba. Jifa na biyu ne ya fasa randa.

Sana'ar Mu'az haɗa wa mutane shafin intanet. Kwana uku kafin nan wani mai zauren biki ya sa shi ya ƙara wa shafinsa sabbin abubuwa: inda ake kama wuri, inda ake sanar da taro, da taswirar da ke nuna wa baƙo hanya. To, sabon abu sai an gwada. Sai gogan naka ya ƙirƙiro walimar ƙarya. Baƙi ɗari uku, lokaci magariba, a maimaita kullum. Alamar taswira kuwa ya ja ta ya dasa a kangon bayan gidansu, daidai tsohuwar rijiyar da aka rufe tun ba a haife shi ba. A gurbin mai gayyata ya rubuta sunan ƙanwarsa Zulaihatu, don kawai ta hana shi aron cajarta da safe. Ya danna a gayyaci duk na kusa, ko bisimilla babu.

Ashe na kusan sun karanta.

Kullum rana na faɗuwa gidan zai yi tsit, kaji su laɓe, sai a ji takun mutane birjik a zaure, ba a ganin kowa. Ran Juma'a Zulaihatu ta ajiye buta, ta durƙusa a ƙofar zaure tana gaishe da iska ɗaya bayan ɗaya har muryarta ta dushe. Washegari ta sa hannu tsirara cikin tukunyar tuwo tana tafasa, tana kwasa cikin kwanonin da babu su. Mu'az ya ga fatar hannun ta ɗaye. Ya goge walimar daga shafin. Ina! Wanda ya riga ya karɓi gayyata ba ruwansa da gogewa.

Hajjo ta aika aka zo da Malam Gidaɗo, tsoho mai ruƙiyya daga Ƙofar Taramniya. Ya zauna kan buzu ya yi ta karatu a hankali. Can yarinyar ta ɗago, muryar wani ƙaton tsoho ta fito daga bakinta.

"Malam, kar ka ƙone mu. Ba kutse munka yi ba, kiranmu anka yi. Da suna, da lokaci, har da hanya."

"To, kun zo. Ku hita."

"Babu abinci, babu tabarma, sannan babu rakiya? Mai gayyata shi raka mu bakin rijiya, mu tahi har abada. Amma ka sani, mai rakiyarmu ba shi dawowa cikakke."

Malam ya ce, "Sunanta na, amma hannun wa ya rubuta?"

"Suna munka gani, ba mu ga hannu ba. In da mai hannu, shi tashi, mu sake ta yanzu."

Malam ya dubi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya daɗe a kan Mu'az. Wallahi Mu'az yana son ƙanwarsa. Amma tsoro ya fi son yawa, kuma ya san haka tun kafin ya buɗe baki.

"Ita ke taɓa min kwamfuta in ba ni nan," ya ce.

Zulaihatu ta miƙe ta zaga bayan gida, Malam na biye da karatu. Da ta dawo jifa ya ɗauke, takun ya ɗauke. Ita ma ba ta sake cewa uffan ba. Ba ta gane ɗakinta ba, ba ta gane uwarta ba, kuma har yau sai an sa mata abinci a baki.

Duk mai zuwa dubiya, Hajjo kan gaya masa rawar kan yarinya ce ta jawo mata. Jiya ma Hajjo tana shafa mata magani a hannu ta ɗago ta dubi Mu'az, idonta taf da hawaye.

"Allah shi yi maka albarka da ka hwaɗi gaskiya. Kai kaɗai ka rage min."

Mu'az ya ce amin.